Karan Dawar Malam Bawa: Na Mota Ko Na Shanu

Muna idar da sallar asuba muka bar Gusau. A mararrabar Anka direba ya tsaya ya jira motocin da suka fito daga can, ya ji lafiyar hanya daga bakin direbobinsu, sannan muka karya kwana. Haka ake tafiya a yankin yanzu.

Abokin tafiyata yana da ƙaramin injin da ke sarrafa karan dawa da ɓuntun shinkafa su zama gawayin girki. Hujjarsa mai kyau ce: duk buhun da ya fitar, wata bishiya ta tsira. Ya fito neman inda zai riƙa sayen kara da yawa. Ni kuwa rakiya na yi, don ina son sanin ko akwai abin da ke saura a gona bayan girbi wanda ba shi da mai shi.

A Anka muka karya kumallo da waina. Kusa da mai wainar an jibge buhunan gawayin itace har sun fi tsayin mutum. Ta ce itacen da take suya da shi daga nesa ake kawo shi yanzu, tsadarsa ce ta sa ta rage girman wainar. Na dubi wadda ke hannuna, na gaskata ta.

Daga nan har Gummi gonaki ne dama da hagu, an yanke dawa, kara a kwance ko a jingine. Abokina sai murna yake yi. A Gummi muka ci kifi mai yaji, muka leƙa wurin masu casar shinkafa. Ɓuntun yana nan tsibi guda, amma duk da masu shi: mata masu turara shinkafa da shi suke hura wuta, masu kiwon kaji kuma suna shimfiɗa wa kajinsu.

Washegari muka hau babura zuwa Adabka, a ƙasar Bukkuyum. Hanyar ta sa na san adadin gaɓoɓin bayana. An haɗa mu da Malam Bawa, manomin da ya fi kowa kara a unguwarsu. Kafin a fara ciniki ya nuna mana masu jiran karan. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, tana girki da shi, tana kuma tace tokarsa don miya. Darnin gidan yana son sabuntawa. Mafi yawan karan kuwa yana kwance a gona, an bar wa wani makiyayi mai suna Buba. Tun zamanin iyayensu shanun gidan su Buba ke sauka a gonar bayan girbi, su ci, su kwana, su bar taki. Bana lokaci ya yi, Buba bai iso ba, wayarsa kuma ba ta shiga.

Motar ɗaukar karan da abokina ya yi haya sau ɗaya za ta shigo, domin direbanta ya ce ba zai bi hanyar sau biyu ba. Ƙanin Malam Bawa ya ga dama ce da ba a saki.

"Yaya, wanga kara gara za ta cinye shi," in ji shi. "Ga mai saye ya zaka har gida. Ka saida, mu sai takin zamani."

"Takin buhu damina guda yaka yi. Na shanu hwa?"

"Shanun da ba ka san inda suke ba? Ko Inna ta hi Buba saurin tahiya."

Daga bayan darni muka ji muryar tsohuwar: "Ina jin ka, marar kunya. Ku dai bar min nawa."

Aka yi dariya, ban da Malam Bawa. Da ya rako mu bakin gona ya ce mini a hankali, "In yaz zaka yat tarar da gona an share, mi zan ce mai? Waɗanda munka saba da su sun rage." Na fahimce shi. A inda yarda tsakanin manomi da makiyayi ta yi ƙaranci, wannan saukar ta shekara-shekara na cikin kaɗan da suka saura.

Bai sayar ba. Abokina ya tsinci kara a wurin maƙwabta, kaɗan nan kaɗan can, a farashin da ya fi wanda ya yi tsammani.

Mun dawo Gusau lafiya kafin magariba. Bayan kwanaki na kira Malam Bawa. Buba ya iso, amma da 'yan shanun da ba za su iya cinye ko kusurwa ɗaya ta gonar ba. Sauran garken bai faɗi inda suka shiga ba, shi ma Malam Bawa bai tambaye shi ba. Ke nan taki zai yi kaɗan, kuɗin takin zamani babu, ƙanin kuma yana ta mita.

Abin da na koyo shi ne, babu shara a gona. Duk wanda zai mayar da kara makamashi, daga hannun wani zai karɓe shi, kuma farashi ba ya nuna ko hannun wa ne. Ko Malam Bawa ya yi daidai a lissafin noma, ban sani ba. Na tambaye shi ko ya yi nadama, sai ya ce in yi haƙuri zai kashe waya, Inna ta ba shi tuwo ya kai wa baƙonsa gona tun bai huce ba.