Kifayen sulhun Baba

Kwanan baya na raka 'yata wurin likitan haƙori a unguwar Cité Verte, sai na ji ƙarar kumfar ruwa daga kusurwar ɗakin jira. Ban waiwaya ba, don na san ko mene ne. Akwatin gilashi ne na kifi, irin wanda mahaifina ya ajiye a falonmu a unguwar Briqueterie. Bai cika shekara da rasuwa ba, har yanzu ina zaɓen abin da zan tuna. Wannan dai zan iya ba ku shi.

Baba tela ne, amma an fi saninsa da sulhu. In maƙwabta sun saɓa a kan lambatu, ko abokan kasuwa a kan rumfa, falonmu ake zuwa bayan la'asar. Inna ta kai shayi, mu yara mu laɓe bayan labule.

Wata damina, lokacin da ruwa ke dukan kwano har ba a jin magana, ya dawo da akwatin a bayan taksi. Wani abokin cinikinsa da zai bar gari ne ya bar masa. A ciki akwai kifaye biyu masu faɗi, da dogayen fikafikai, suna tafiya a hankali kamar alhazai cikin babbar riga. Mutumin ya ce sunansu sikaler. A lokacin ba su fi girman maɓallin kwat ba. Sai kuma tarin ƙanana masu zanen shuɗi da ja kamar zaren surfani, kullum a garke.

Baba ya ƙaunace su har ya daina dogon wa'azi. In masu rigima suka zauna, sai ya nuna gilashin da carbinsa ya ce su duba: ga babba ga ƙarami, ruwa ɗaya, abinci ɗaya, ba wanda ya taɓa kai ƙarar wani. Mutane su sunkuyar da kai. Har daga unguwar Nkomkana aka riƙa zuwa.

Manyan kuwa suna ta girma, har suka kusa tafin hannu. Garken ƙananan ya fara raguwa. Baba ya ce sun ɓuya ne cikin ciyawa. Da suka ƙara raguwa ya ce kyanwar maƙwabta ce, ya ɗinka wa akwatin murfin yadi har da aiki a baki. Inna, wadda ke share falon kowace safiya, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin kyanwar da ke son jiƙa hannu ba, a tambayi masu babbar rigar. Baba ya ce wanda kuka ci kwano ɗaya ba ya cin amanarka, haka aka koya masa. Ya ƙara musu abinci, don a ganinsa yunwa ce kaɗai ke sa babba ya zalunci ƙarami.

Ana haka aka kawo masa wa da ƙane, masu tsire a bakin titi. Tukubar ta marigayi ubansu ce. Ƙanen ya ce shi ke yanka, shi ke shan hayaƙi, amma yayansa ke riƙe da komai, don haka yana so a raba ya kafa tasa. Yayan ya ce uwa ɗaya uba ɗaya, rabuwa abin kunya ne. Baba ma ra'ayinsa ke nan. Bai taɓa raba kowa ba, kuma da wannan yake alfahari.

Ya gyara zama, ya ɗaga carbi, duk suka juya ga gilashin. A daidai nan ɗaya daga cikin manyan ya fito daga bayan ciyawa da natsuwarsa ta kullum, ya buɗe baki ya haɗiye ƙarami guda. Wutsiyar ta ɗan tsaya a waje tana motsi, sannan ita ma ta shige.

Inna kaɗai ake ji a tsakar gida tana wani tari wanda ba na mura ba.

"Baba Alhaji," in ji ƙanen a ladabce, "ni ba ni da sauran bayani."

Yayan ya ce wataƙila kifin ba shi da lafiya ne.

Baba ya daɗe yana kallon gilashin. Sannan ya sa aka kawo robar wanki da ludayi. A gaban baƙi ya naɗe hannun riga, ya kwashe ƙananan da suka rage ɗaya bayan ɗaya, ruwa na zuba a kan shaddarsa. Da ya gama ya goge hannu ya dubi yayan.

"Ka bar shi ya kafa tasa a unguwar Ekoudou. Ku riƙa gaisawa ranar Juma'a."

Daga baya ya saya wa ƙananan nasu akwatin, ya aza a ɗaya kusurwar. Masu rigima suka koma tambayar junansu a ƙofa, wane gilashi Baba zai nuna yau.

Yanzu ba mai zuwa falon. Rigima ana kai ta komisariya ne wurin 'yan sanda, ko a yi ta yin ta a waya har a gaji. Amma ranar addu'ar ukun Baba mutanen nan biyu sun zo, duk sun yi furfura, suka zauna tabarma ɗaya, kowa da ƙunshin tsirensa. Yayan ya miƙa hannu ya ce a haɗa su wuri ɗaya, shi zai raba. Ƙanen dai ya ja nasa ƙunshin a hankali ya ajiye a gaban Inna. A ranar ne na fara jin dariyarta tun da aka fita da Baba.