Takardar da Na Koma Ɗaukowa

Ranar Talata ce. Ƙarfe bakwai na safe Isufu direba ya ɗora shayi a gindin tsamiya, ni kuma ina ɗaura igiyar takalmi. Shekarata tara a wannan masauki na bakin gandun daji a ƙasar Nijar, ina yi wa baƙi masu zuwa kallon giwaye jagora. Isufu bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Bakano. Ya ce in ban yi sauri ba zai shanye dahuwar farko ya bar mini ta uku.

Bakwai da rabi muka ji babura, ba ɗaya ba, ba biyar ba. Tsuntsayen kan tsamiya suka tashi gaba ɗaya. Sai harbi daga wajen ƙofa, ɗai-ɗai, sannan a jere kamar gugguru a kasko.

"Ku shiga mota!" in ji manajan masaukin.

Motar farko ta tafi da baƙi uku. Isufu ya tayar da ta biyu, masu girki suka ɗare baya. Na sa ƙafa ɗaya ke nan, sai na tuna da gafaka.

Ta mahaifina ce, a ciki yake sa Alƙur'ani. Ni kuma a ciki na adana takardar shaidar aikin jagora, wadda sai da na yi shekara biyu ina fama da Faransanci kafin a ba ni. Saboda damina ma na kai aka liƙe ta da leda. Na ce a raina, in na koma gida babu ita, da me zan nuna na iya wani abu? Na diro.

"Bakano, dawo!"

Ban dawo ba. Taku sittin ne zuwa ɗakina. Da Isufu ya so, da ya ja mota. Bai ja ba, ya tsaya, inji na kunne. Ina fitowa da gafaka a wuya na ga babur ɗin 'yan bindiga ya shawo kwana ta bayan kicin. Harbi biyu. Gilashin gaba ya zube. Wani mai girki ya janye Isufu gefe ya kama sitiyari, na faɗa baya, muka keta ta gonakin gero.

Isufu ya cika kafin azahar, kansa a cinyata. Bayan la'asar muka binne shi a wani ƙauye da ban tambayi sunansa ba. Kwana uku na yi a hanya, mota, amalanke, ƙafa. Ranar Juma'a na sauka a Ɗanbatta, ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni ƙauyenmu. Inna ta ga jini a wandona, ta ɗora ruwa.

Bayan wata biyu na shiga Kano neman aiki. A otal suka juya takardar gaba da baya, suka ce Faransanci ne, a fassara. Na kai aka fassara. Suka ce sai da hatimin wani ofis. Sau huɗu ina sintiri. A na huɗu wata ma'aikaciya ta ƙwanƙwasa ledar da farce, ta ce ba a buga hatimi a kan takardar da aka liƙe, in koma makarantar da na yi karatun jagora su ba ni sabuwa. Wace makarantar? Tun da baƙi suka ɗauke ƙafa aka rufe ta.

Wallahi ji na yi kamar in kife teburin. Giwar can da ta nan ba giwa ɗaya ba ce? Ina bambance sawun jiya da na yau, ina jin harshe huɗu, amma wai sai dai in fara daga ɗaukar jakunkunan baƙi, kamar wanda ya zo jiya. Haushin bai sake ni ba har yau.

Yanzu gyaɗa nake nomawa a gonar Baba. Gafakar na rataye a ƙusa, bayan ƙofa. Isufu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya uku, ƙaramar ko tafiya ba ta fara ba. Takardar kuwa tana nan, ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba.