Jijiya a Kuncin Liyari

Har yau ina jin ƙarar liyarin nan, tsohon kuɗin azurfa da mata ke ratayawa a wuya, a kan dutsen niƙa, siririya, mai daɗewa a kunne. Inna ce ta sake shi don ta ji ko azurfarta ce aka maido. Ita ce kuwa. Amma da ta ɗaga shi a rana, sai ta ga wani siririn zane ya ratsa kuncin matar da ke jikinsa.

Ƙawata ce ta ara. Ɗiyar makiyaya ce, duk rani suna sauka kusa da rijiyarmu a Birnin Lalle, kuma ni na roƙa mata shi don bikin yayarta. Ya tafi baƙi ƙirin da dauɗar shekaru, ta maido shi a wanke da toka da tsamiya, yana sheƙi. A garinmu in kayan aro ya dawo da tabo ba a faɗa. Sai dai ƙwarya ta daina shiga tsakanin gidajen biyu.

"Ga aikin ƴar rugarki," in ji Inna. "Ta yi wa baiwar Allah tsagar Gobirawa."

"Inna, ƙila dama haka yake."

"Tun ba a haife ki ba yake wuyana."

Na kasa zama. Na wanke allona, ban rubuta komai ba. Na je rijiya, na hango bukkokinsu, na juyo da rabin tulu. Da ƙawata ta kawo nono, Inna ta ce muna da shi, alhali ƙwaryarmu a kife take. Ƙawata ta dube ni, ni kuma na dubi ƙasa.

Wajen kwasar tuwo abin ya faɗo mini. Marar da muke kwasa da ita ta tsage, kowace malmala tana fitowa da jijiya a tashe a bayanta. Na ɗauko liyarin na bi kuncin da farce. Farcen bai faɗa rami ba, tuntuɓe ya yi. A gefe akwai inda wuƙar Baba ta taɓa karce shi, can kuwa rami ne.

"Inna, karce ciki yake shiga. Wannan fitowa ya yi, kamar na tuwon nan. Dauɗa ce ta ɓoye shi. Taɓa ki ji."

Ta taɓa, ta daɗe tana shafawa.

"To, malama, tunda azurfa ta zama tuwo, kawo miya."

Ta ɗaure shi a bakin zane. Kullum ina cewa gobe Inna za ta sauko, in je rugar da labari. Ruwan fari ya riga ni, suka tashi arewa, kuma ba su ƙara sauka rijiyarmu ba.

Ina goyon ɗana na fari wani farke da ya sha zuwa Agadas ya gaya mini ba zuba liyari ake yi ba, buga shi ake da hatimin ƙarfe. In hatimin ya tsage, duk wanda aka buga bayan nan da jijiyar yake fitowa, a kunci ɗaya.