Yadda Na Raba Baba da Kekensa

Tun kafin a haife ni Baba yake taka keke daga Fammar zuwa Rano, wani sa'in da buhun dawa ɗaure a baya. A daminar da nake magana ya faɗi sau biyu, na biyun har da ɗinki a goshi. Ni da yayata muka ce a ajiye keken nan haka. Ya ce sai dai mu jira ya mutu.

Ni na koya masa kallon tseren keken Turawa. Na zo hutu daga Kano, kullum wajen la'asar ina zaure da waya, ina kallon mutane suna hawan duwatsun da na Rano ba su kai gindinsu ba. Kafin mako guda Baba ya fi ni baki a harkar. Maƙwabta biyu ma suka shigo, kowa da gwaninsa, ana ta musun wanda zai fara kaiwa sama ranar babban hawa. Baba bai san sunan kowa ba, gwiwa yake kallo. Wanda duk ya miƙe tsaye kan feda tun a gindin dutse, in ji shi, bai taɓa ɗaukar kaya ba. Ya zaɓi wanda ya girme su duka, ya sa masa Dattijo.

"Gobe in Dattijo ya kai sama tare da yaran nan, ku bar mini kekena," ya ce da ni. "In ya gaza, ga shi nan."

Na san abin da bai sani ba. Kwana biyu masu sharhi suna cewa mutumin ba shi da lafiya, ƙarfinsa ya ƙare. Da Turanci suke faɗa, ni kuma ban fassara masa ba. Na ce, "Na yarda, Baba."

Washegari Dattijo ya riƙe har tsakiyar dutse. Baba ya fara murna, wani maƙwabcin ya ce, "Malam, ganin Dala ba shiga birni ba ne." Can sai muka ga ana wuce Dattijo ɗaya bayan ɗaya.

"Sauka zai yi ya tura," in ji Baba. "Ba abin kunya ba ne, kowa yana turawa a hawa."

Ya sauka kuwa, amma mota ya shiga, aka ɗora kekensa a samanta. Baba ya tashi, ya sace iskar tayoyin kekensa da hannunsa, ya jingine shi a bayan rumbu. Na samu abin da nake so, amma raina bai yi mini daɗi ba, har yau kuma ina jin kunyar kaina.

Bayan kaka ta wuce, wani amininsa ya rasu a Rano, na goya shi a babur muka tafi ta'aziyya. Wani tsoho a wurin ya leƙa bayanmu, ya ce, "Malam, ina dokin naka?"

Baba ya dafa kafaɗata ya sauka da kyar. Ya ce, "Ai yanzu ni ne kayan. Kawo ni aka yi."