Tsagar da Yatsa Bai Ji Ba

Shekara arba'in da uku mai gyaran keke ya yi a rumfa ɗaya, tsakanin shagon tela da na mai sayar da fenti. Ba shi da yawan magana, sai in an taɓo tsohon keken ƙarfe, nan kam sai ka gaji ka tashi. Kekunan yanzu kuwa, kayan wasa yake ce musu.

Da tsufa ya zo, ta ido ya fara kama shi. Yana ganin mutane kamar ta bayan labule, amma ya ƙi yarda a gaban kowa. Babbar 'yarsa, wadda ke kawo masa abincin rana, ta sha roƙonsa ya rufe rumfar ya huta. Shi kuwa tsoron wannan rana yake ji har cikin ransa, don bai san me zai yi da hannuwansa a gida ba.

"Aikin nan ba na ido ba ne," yake ce mata. "Yatsa ya ishe ni."

Wata Laraba wani malamin makaranta ya zo da keken marigayi mahaifinsa a kafaɗa. A hannunsa akwai fok, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba. Ya kwance shi don ya wanke tsatsa, ya zube ƙananan kayan cikin gwangwani, ya rasa na sama da na ƙasa. So yake ya riƙa hawa zuwa aiki.

"Haba Malam," in ji tsohon. "Mai kwance fok, a wayar ƙarfe yake zura kaya, ɗaya bayan ɗaya, yadda suka fito. Kai ka tara su kamar tsakuwa."

'Yar tana tsaye da kwanon abinci. Ya san tana kallo, don haka ya juye gwangwanin a kan tsumma ya fara lalube.

"Wannan noti ne, shi ke kulle komai daga sama. Wannan washa mai haƙori tana bin bayansa." Ya ɗauki zobba biyu masu kama da juna, ya zagaya cikinsu da babban yatsa. "Wanda ya fi cinyewa na ƙasa ne. Shi ya ɗauki nauyin mahaifinka duk shekarun nan."

Malamin ya kau da kai, ya share ido.

Tsohon ya shafa giris, ya jera boris, ƙananan ƙwallayen ƙarfen nan, ya ɗaure komai. Kan keken ya juya sumul, ko ƙara babu. Daɗi ya kama shi, har ya ɗaga fuska wajen 'yarsa.

"Baba," ta ce a hankali, "wannan layin fa, a kafaɗar fok ɗin?"

Ya bi wurin da yatsa, sau biyu. Bai ji komai ba.

"Fenti ne kawai."

Malamin ya sunkuya ya duba. "Akwai shi, Baba. Siriri kamar gashi, da tsatsa a ciki."

Tsohon ya ɗauki sifana ya ƙwanƙwasa ƙafar hagu, ta yi amo mai tsawo. Ya ƙwanƙwasa ta dama, amon ya mutu nan take. Ƙarfen ya tsage, kuma saura kaɗan ya ce da mutum ya hau ya tafi.

"Kada ka hau shi, Malam. Gangaren farko ƙafar nan za ta ɓalle da kai. Ka nemi wani fok ɗin, ka kai wa mai ido ya ɗaura maka."

Bayan malamin ya tafi, ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma. 'Yar ta buɗe kwanon.

"Rufe," ya ce. "A gida zan ci."

Ya miƙe, ya miƙa mata hannu, ta kama.