Gwaten Malama

Shekarar da ciwon ƙirji ya kwantar da ni a gidanmu na Gyadi-Gyadi, na sallama. 'Ya'yana ma sun sallama, kunya ce ta hana su faɗa. Na ce a kira min mutane in nemi yafiya, yadda mai barin duniya yake yi.

Aka yi ta kira, aka yi ta kira, har aka zo kan maƙwabciyata, mutuniyar Filato, malamar Turanci a wata makaranta a Tarauni. Tun da ta tare kusa da mu, duk Kirsimeti sai ta aiko min da kwanon gwate, faten accan nan nasu mai yakuwa da gauta, ni kuma in aika mata da yabo.

Na kama hannunta na ce, "Malama, ki yafe min. Gwaten nan ban taɓa kai shi baki ba. Awaki nake zuba wa."

Ta yi kuka, ta ce ta yafe. Na rufe ido ina jiran Mala'ikan mutuwa. Shiru. Kwana uku na nemi kunu, kwana bakwai na taka har tsakar gida. To, wanda ya amayar da cikinsa don zai mutu, ya zo bai mutu ba, ina zai sa kansa? Ko soro na daina leƙawa. In na ji sallamarta sai in ja mayafi in hau nishi.

Rannan da hantsi sai ga ta a kaina, da kwano da cokali.

Ta ce, "Inna, sannu da dawowa. Turawa suna da kalma guda ta wanda ya faɗi ya sake miƙewa." Ta faɗe ta, ba ta zauna a bakina ba. Wai ma aro suka yi, daga wani tsohon harshe da masu shi suka ƙare.

Na ce, "Su masu tsohon harshen da suka san kalmar, me ya hana su tashi?"

"Ke da kika tashi, buɗe baki."

"Ai kin yafe."

"Mai mutuwa na yafe wa. Ke kuwa ga ki garau."

Na ci. Ɗacin gauta ya kai min har kunne. Tana zaune, ba ta motsa ba sai da ta ga gindin kwano.

"Yaya, Inna?"

"Tsakani da Allah, Malama, ba daɗi."

Ta yi dariya har da hawaye, ta ce gobe ma za ta kawo, kuma da cokalinta za ta zo.