Ranar da Gwaggo Ta Bar Rijiya a Buɗe

Gwaggona, Allah ya jiƙanta, ba ta iya ganin abu a buɗe ta wuce. Randa, tukunya, buta, har bakin mai hamma sai ta ce a rufe. Muna yara mun sha dundu a kan murfin rijiyar tsakar gidanta, wani faifan ƙarfe mai nauyin tsiya da ya taɓa cire mata farce.

Dalilinta labarin tafkin da ke gangaren unguwarmu ne. Wai da can gari ne a wurin, da rijiya guda mai sharaɗi: a ɗiba, a rufe. Wata rana wata mata tana cikin jan ruwa ta ji kukan jaririnta, ta yar da guga ta ruga. Ruwa ya taso ya bi sawunta, bai tsaya ba sai da ya shanye garin. Kowa don hira yake ba da wannan labari. Gwaggo kuwa hannu bibbiyu ta riƙe shi, kuma ba ta taɓa zagin matar ba. "Ɗa ne fa ya yi kuka," haka take cewa.

Ita ma ɗa ɗaya gare ta, masunci, muna ce masa Yaya. Shi ya kamo, ita ta gyara ta shanya. Da haka suka rayu tun rasuwar mijinta, har tafkin ya soma ja da baya, inda ake ɗaure jirage ya zama filin ƙwallo. Rannan sai Yaya ya naɗe tarunsa ya ce zai bi abokansa neman aiki a nesa.

Washegari da hantsi na shiga gaishe ta, na tarar da murfin jingine da bango. Ta kwashe kayan ɗakinta ta jibga a kan tebur, ta zauna bakin rijiya tana leƙe.

"Gwaggo, lafiya?"

"Kai dai ɗauke takalmanka daga ƙasa," in ji ta. "Ruwa ya taɓa tasowa saboda uwa. Ni ba uwa ba ce?"

Dariya ta zo min, sai kuma tausayi ya kama ni. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Kwana da kwanaki tana nan zaune rana na dukanta, ganyaye na faɗawa ciki, ruwan ko gezau.

Ranar tafiya Yaya ya fito da jakarsa ya durƙusa gabanta. "Inna, ki sa min albarka, mota na jira."

"Ka ƙara min kwana ɗaya mana. Jiya na ga kamar ya motsa."

Ya leƙa rijiyar, ya daɗe yana leƙe don kada ta ga idonsa. Da ta ga haka sai ta dafa kansa ta sa masa albarka. Ni na raka shi tasha. Ita ko ƙofar gida ba ta taka ba, wai kada ruwa ya taso babu wanda zai ƙwala wa Yaya kira ya dawo.